Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin tsangayoyin aikin gona na jami'o'inmu

Assalamu alaikum malamaina, ranku ya daɗe.

Da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya haƙuri da ɗalibai. Ni ɗalibinku ne, ko in ce tsohon ɗalibi, na yi karatun shekara biyar a ɗaya daga cikin tsangayoyinku, wanda yajin aiki ya ja shi ya kusa kai bakwai amma wannan ba da ku nake ba, kuma na fita ne ta ɓangaren kare amfanin gona daga ƙwari da cututtuka. Ba zan faɗi jami'ar ba don kar a ce wasu na nufa, tunda duk abokaina da suka yi wasu makarantun in mun zauna hira labarin kusan ɗaya ne. Yanzu haka ina zaune a shagon kawuna a wata kasuwar ƙauye, taki muke sayarwa da iri da maganin feshi, kuma daga kan bencin shagon nan nake rubuto muku wannan.

Bari in fara da abin kunyar da ya same ni, don shi ya sa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutu. Daminata ta farko a shagon, wani dattijo ya shigo da ganyen masara a cikin leda, ya ce ɗana an ce kai ka yi boko a kan ƙwari, duba min wannan. Na buɗe, ga tsutsa ɗaya ta yanƙwane ta bushe, ga wasu 'yan fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa manne a jikin ganyen kusa da ita. Ya ce waɗannan ƙwanta ne ko? Ni kuma don kar in ji kunya a gaban mutane na ce eh Baba ƙwai ne, ka yi sauri ka fesa kafin su ƙyanƙyashe, na miƙo masa kwalba ya biya ya tafi yana sa min albarka. Sai bayan kusan wata biyu, ina duba hotuna a waya da daddare, na gane abin da na yi. Ba ƙwai ba ne. Ƙwan wannan tsutsar a dunƙule yake zuwa da wani gashi-gashi mai ruwan toka a kansa. Abin da dattijon ya kawo gidaje ne da 'ya'yan wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro suke saƙawa, bayan sun gama cinye cikin tsutsar sun fito. Wato ma'aikatan da ke kashe masa tsutsa kyauta ne ya ɗauko ya kawo min, ni kuma na sayar masa da abin da zai hallaka su. Kuma wallahi malam kwas ɗin ilimin ƙwari A na ci.

To wannan A ɗin ita nake so mu yi magana a kai.

Na haddace ma'anar haɗakar dabarun yaƙi da ƙwari tun ina aji uku, har yau in aka tashe ni daga barci zan karanto ta. Na san cewa ba a feshi sai ɓarnar ƙwaro ta kai matakin da asarar za ta fi kuɗin magani, na zana wannan jadawalin a jarabawa ya fi sau uku. Amma ban taɓa tsayawa a cikin gona na ƙirga tsiro nawa ne cikin ɗari suka kamu ba, ko sau ɗaya, har na karɓi satifiket. Firaktikal ɗinmu shi ne kowa ya kama ƙwari ya soke su da allura a cikin kwali ya rubuta sunansu na Latin, rabin ajin ma a hannun 'yan aji na gaba suka sayi nasu kwalin. Shekarar da ake cewa ta aikin gona, wato aji huɗu, huɗa muka yi da noma da cire ciyawa, wanda ni ɗan ƙauye tun ina shekara takwas nake yi. Wani abin dariyar ma, kwas ɗin ƙwarin amfanin gona a zangon hunturu ya faɗo mana, lokacin da babu ko ganye ɗaya a gonar makaranta, ana ta koya mana tsutsar masara a allo iska na kaɗa ƙura ta taga.

Ban ce ba ku ƙoƙari ba, Allah ya gani. Akwai wani malaminmu da yake cika motarsa da mu da asuba da man aljihunsa ya kai mu fadama ya ce kowa ya juya bayan ganye ya faɗa masa abin da ya gani, fita uku kacal muka samu da shi amma abin da na riƙe a fitar nan uku ya fi na handawut goma. Na san babu kuɗi, na san madubin duba ƙananan halittu guda nawa ne ke aiki a ɗakin gwaji, na san wasu ƙauyukan yanzu ko ku ba za ku shiga ba balle ku kai 'ya'yan mutane. Duk na sani. Amma ina so ku san wanda ya hau kujerar da kuka bari, don kujerar ba ta zauna haka nan ba.

Mai shagon magani ne malamin gonan ƙauye yanzu. Mu ne. Manomi zai shekara bai ga malamin gona na gwamnati ba amma duk ranar kasuwa yana gabanmu, kuma tambayarsa ɗaya ce, a ba ni mai ƙarfi. Ba ya cewa wane ƙwaro ne, mu ma ba ma tambaya. Zai sayi kala biyu ko uku ya haɗa a famfo ɗaya, ma'auninsa murfin kwalba ko gwangwanin madara, in bai ga tsutsa ta faɗo nan take ba ya ninka. Yaran da ake biya su yi feshi kuwa sai ka tausaya musu, gajeren wando, ba takalmi, ba abin rufe hanci, famfon yana ɗiga a gadon bayansu, in bakin ya toshe su sa baki su hura, in sun gama a ba su madara ko nono wai yana kashe dafin. Galan ɗin da ya ƙare a ɗauraye a zuba man gyaɗa ko ruwan sha. A fesa wa tumatir yau a tsinke gobe a loda a mota. Takardar jikin kwalbar ta faɗi kwana nawa za a jira kafin girbi, amma da Turanci ta faɗa, wata ma da Faransanci, da rubutu ƙanana kamar ƙafar kiyashi.

Ga wani abu da ban taɓa ji a aji ba sai a shago na gano shi da kaina. Manomi zai dawo ya ce wancan maganin ya daina ci, a canza masa, sai a ɗauko masa wata kwalba mai wani suna da wani hoto, ya tafi yana murna ya canza magani. In ka juya bayan kwalaben biyu sai ka ga sinadari ɗaya ne a ciki, kamfani ne kawai ya bambanta. Ko kuma ɗaya sinadarin lamda ɗaya sinadarin saifametirin, waɗanda 'yan gida ɗaya ne, hanya ɗaya suke bi su kashe ƙwaro, ƙwaron da ya saba da wannan ya riga ya saba da wancan. A haka muke ta tace ƙwari, muna kashe masu rauni muna barin masu taurin rai su hayayyafa, shekara uku huɗu sai ka ji ana cewa magungunan yanzu duk jabu ne. Akwai jabun, ban musa ba, amma wani lokacin maganin na gaske ne, ƙwaron ne muka horar da hannunmu. Wannan ilimin halitta ne tsantsa, irin wanda ku kuka fi kowa sani, kuma ɗalibin da ya fito daga hannunku ya kamata ya iya ɗaukar kowace kwalba a kasuwa ya faɗi gidan da ta fito da wadda za a bi ta da ita.

Kun tuna 2016. Shekarar da tsutsar tumatir Tuta absoluta, wadda manoman Kano ke kira sharon, ta share gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kwando ya yi tsadar da mata suka koma miyar kuka da busasshen kauɗa. Daga Kudancin Amurka ta taso, ta shiga Sifaniya a 2006, ta gangaro mana. Tsutsar tana shiga ne tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa ta yi ta ci daga ciki, maganin da ke kashewa in ya taɓa jiki ba ya ma isa gare ta, ga shi cikin wata ɗaya ko ƙasa da haka ta gama zagayen rayuwarta ta sake zuba wasu. Me manoma suka yi? Suka ƙara feshi, wasu duk bayan kwana biyu, aka yi asarar tumatir aka yi asarar kuɗin magani. Abubuwan da ke rage ta kuwa ba su da wani tsada, a rufe gadon reno da raga, a sa tarko mai ƙamshin mace da ke jawo mazan don a san ranar da suka iso, a tattara karmamin tsohuwar gona a ƙone ko a binne maimakon a bar shi yana renon na gaba, a huta da tumatir a wurin na wani lokaci, in za a yi feshi a riƙa sauya magani da wanda ba 'yan gida ɗaya ba. Duk wannan yana cikin littattafanku. Har yau in ta dawo, kuma tana dawowa lokacin zafi, hanyar shagonmu ake kamawa.

A farkon wannan shekarar dai ta 2016 aka fara tabbatar da tsutsar nan mai cin masara a nahiyar Afirka, kuma a kudu maso yammacin Najeriya aka fara ganinta, ita ma baƙuwa ce daga nahiyar Amurka. Yanzu ta zama 'yar gida. Gane ta ba wuya, akwai alama kamar harafin Y a kife a goshinta da ɗigo huɗu baƙaƙe a jere kamar murabba'i kusa da wutsiya, tana zama can cikin zuciyar masara inda sabon ganye ke fitowa, ta bar kashi kamar garin katako. Abin da na koya daga baya, da kaina da waya da gonar kawu, shi ne yadda ake duba gona, ka ratsa ta a karkace ka tsaya wuri biyar, kowane wuri ka duba tsiro 10 ko 20, ka rubuta nawa ne ke da sabuwar ɓarna. In masara tana ƙarama kuma abin bai kai kamar 20 cikin 100 ba, ka dakata ka sake dubawa bayan 'yan kwanaki. Masara tana da haƙuri, ganyen da aka huda sau da yawa tana mayar da shi, ruwan sama mai ƙarfi yana kashe ƙananan tsutsotsin, manyan kuma suna cinye junansu shi ya sa da wuya ka samu fiye da ɗaya ko biyu a zuciya guda. In ta kama a yi feshin, da yamma ko da sassafe ake yi kuma a cikin zuciyar ake zubawa, ba a yi wa gona wanka da tsakar rana ba. Wannan gaba ɗaya aikin awa ɗaya ne a koya wa mutum in ana tsaye a gona. Ni shekara biyar ban samu awar nan ba.

Kuma ba mu muka fara faɗawa wannan ramin ba. Indonesiya ta yi ta rabon maganin feshi da rahusa ga manoman shinkafa, sai wani ɗan ƙwaro mai tsotsar shinkafa da da can bai dami kowa ba ya zama annoba, saboda feshin ya kashe gizo-gizo da sauran masu cinsa. A 1986 shugaban ƙasar ya hana amfani da magunguna 57 a gonar shinkafa, daga 1989 kuma aka fara makarantun manoma a cikin gona, inda manoma ke haɗuwa duk mako su duba shinkafa su zana abin da suka gani su yi gardama a kan a fesa ko kar a fesa. Manoman da wasunsu ba su yi boko ba aka koya wa bambance mai ɓarna da mai taimako. Mu kuwa masu digiri ba mu iya ba.

Amma bar ta Indonesiya, ta yi nisa. Ku leƙa nan Maraɗi, daga Katsina ta Jibiya tafiyar 'yan awoyi ce. Akwai tsutsar da ke cin zangarniyar gero tana zagaya ta kamar an murɗa igiya, can suna ce mata murzuna, a shekarar da ta yi yawa sai manomi ya girbe kara. Masu bincike na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, irin su Farfesa Ibrahim Baoua, tare da abokan aikinsu na ICRISAT, cibiyar ƙasa da ƙasa mai binciken amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwan sama, da na Mali da Burkina Faso, sun ɗauki wani ɗan ƙwaro dangin zanzaro da dama can yana nan a ƙasar, Habrobracon hebetor, suna kiwonsa a ɗaki. Yadda suke kai shi gona shi ne abin da ya fi burge ni, 'yar jakar algarara ce ƙarama, a zuba gero da ɗan gari, a sa tsutsotsin da ake kiwo don ciyar da shi, a sa mata biyu da suka riga suka haɗu da namiji, a ɗaure a kai ƙauye a rataye lokacin da gero ya fara fitar da kai. 'Ya'yan su ƙyanƙyashe a ciki su fito ta ramukan buhun su bazu gonaki suna neman murzuna, macen ta harbe tsutsa ta sandare ta zuba ƙwai a jikinta. Ba famfo, ba dafi, ba dala. Har ƙungiyoyin manoma da matasa aka koya wa kiwon suna sayarwa. To malam don Allah me zai hana kowace tsangayar aikin gona a Sakkwato da Katsina da Jigawa da Yobe da Borno, inda gero shi ne tuwo shi ne fura, ta ware ɗaki ɗaya da 'yan robobi da gero tiya biyu ɗalibai su riƙa kiwon wannan ƙwaron da hannunsu? Kuɗinsa bai kai na fentin ƙofar shiga tsangaya ba. Kuma yaron da ya iya wannan ya fita da sana'a a hannu, ba sai ya zo ya zauna a benci irina yana miƙa kwalba ba.

Kuna koya mana labarin ƙwaron rogo, yadda ya shigo Afirka a shekarun 1970 ya kusa gamawa da rogon nahiyar, yadda aka samo maƙiyinsa a Faraguwai, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, IITA ta Ibadan, ta yi kiwonsa aka fara sakinsa a 1981, har masanin ƙwarin da ya jagoranci aikin, Hans Herren, ya samu babbar kyautar abinci ta duniya a 1995 saboda wannan aiki. Labari ne mai daɗi kuma a ƙasar nan aka yi shi. Amma yadda ake ba mu shi kamar tarihin Bayajidda ne, abu ne da wasu suka yi da can, a haddace shekarun a rubuta a jarabawa. Ba wanda ya ce mana ku ma fa za ku iya, ga roba ga tsutsa ku gwada.

Sai maganar wake, wadda ita ce ta fi ci min rai don wannan cikinmu yake shiga kai tsaye. Lokacin kaka in kun zo shagonmu za ku ga abin da ake saye, fiya-fiya da ƙwayar nan da ake ce wa bom, a yayyafa a kan wake a ɗinke buhu, wani ma a ɗakin da yara ke kwana yake jibge buhunan. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda yawan sinadarin fiya-fiya da aka riƙa samu a ciki, iyakarsu miligiram 0.01 a kilo, namu wani ya haura 4. Su sun ƙi, mu muka ci abinmu da alale da ƙosai. Alhali ga buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi daga binciken da aka faro a arewacin Kamaru, in wake ya bushe sosai aka matse iska aka ɗaure kowace leda daban, ƙwaron da ke ciki shi da kansa zai shanye iskar ya mutu, ba a sa komai ba. Da yawan waɗanda suka ce sun gwada bai yi ba, in ka bincika ko ledar ta huje ko a haɗe suka ɗaure su ko suna buɗewa duk mako suna ɗiba. Nuni kawai ake buƙata. Kuma nan ne nake ganin amfanin ɗalibanku mata, don ajiyar hatsi da wake da kayan miya da yawa a cikin gida ake yinta, inda ni ƙato ba zan shiga ba, amma ɗaliba za ta yi sallama ta zauna a tabarma ta nuna wa matan gida da hannunta.

Na san wani zai ce ai ga waken SAMPEA 20-T, wanda aka sauya wa ƙwayoyin halitta, da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ta fitar a ƙarshen 2019, mai kare kansa daga tsutsar da ke huda fure da kwanson wake. Na sani, ana tambayarmu shi, ana kuma ta gardama a kansa a rediyo da Facebook, masu so da masu ƙi. Ni abin da ya dame ni shi ne ɗalibin da zai tsaya tsakanin masu gardamar ya yi bayani da ilimi, ya ce wannan irin tsutsa ɗaya yake tarewa, ba ya hana darɓa, ba ya hana ƙwarin da ke tsotse kwanso, shi ya sa har yanzu ake cewa a yi masa feshi kamar sau biyu maimakon shida ko takwas, kuma in ba a kula ba ita ma tsutsar za ta iya sabawa da shi kamar yadda ake sabawa da magani. Manomi in bai ji wannan ba zai shuka ya naɗe hannu, in darɓa ta cinye ya ce an yaudare shi.

Yanzu ga roƙona. Tunda Hukumar Kula da Jami'o'i ta fito da sabon tsarin manhaja a ƙarshen 2022 ta ce kashi 70 nata ne kashi 30 kowace jami'a ta cike da abin da ya dace da yankinta, to wannan kashi 30 ɗin a hannunku yake, ba sai kun jira Abuja ba. Ku ba ɗalibi gona ɗaya ta manomi na gaske, ba ta makaranta ba, ya bi ta tun daga shuka har girbi, duk mako ya je ya ƙirga ya rubuta, mai ɓarna nawa mai taimako nawa, me manomin ya fesa, nawa ya kashe, me ya girba. In damina ba ta dace da kalandarku ba ai akwai noman rani a Kadawa da Haɗeja da Bakolori da bakin kowace fadama. Jarabawar ƙarshe ta wannan kwas a yi ta a tsaye cikin gona, malami ya tsinko ganye ya ce mene ne wannan, a fesa ko a bari, in a fesa da me, kuma me ya sa. Wanda ya kasa ya maimaita, ko da kuwa ya iya zana jadawali da ido a rufe. Da an yi min haka da na faɗi, kuma da faɗuwar ta fi min A ɗin nan amfani.

Ku sa harshe a ciki. Ɗalibi ya tsaya gaban manoma biyar ya bayyana musu abin da ya gano da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci ko Nufanci, duk wanda ake yi a wurin, a ba shi maki a kan ko sun gane. Ni ranar da na fara ƙoƙarin yi wa wani bayanin ƙwarin da ke taimakon manomi sai na ji bakina ya ɗaure, kalmomin duk na Turanci ne a kaina. Wani tsoho da ke zaune a gefe shi ya cece ni, ya ce kana nufin kamar zanzaro da ke ɗaukar tsutsa ya kai ɗakinsa na laka ya toshe? Na ce shi ke nan Baba. Kowa a wurin ya gane nan take, don ba wanda bai taɓa fasa gidan zanzaro yana yaro ya ga tsutsotsi a sandare a ciki ba. Ilimin yana nan a wurin mutanen, balbela da ke bin garma, ƙoƙi-ƙoƙi, tururuwa da ke jan tsutsa, haɗa gero da wake a gona ɗaya, toka da yashi da ake zubawa a zuciyar masara, ganyen darbejiya a rumbu.

Ba kuma cewa nake duk abin da tsofaffi ke yi daidai ne ba, wani yana aiki wani ɓata lokaci ne, kuma aikin jami'a ne ta rarrabe. Ruwan 'ya'yan darbejiya misali yana hana ƙwari ci yana hana su saɓa, amma rana tana kashe ƙarfinsa da wuri, kuma na wannan bishiyar ba lallai ya kai na waccan ba, to tiya nawa za a daka a jiƙa a ruwa nawa, a fesa duk kwana nawa, a kan wane ƙwaro? Ga furojet nan har guda ashirin. Amma me muke yi a aji biyar, a buga takardar tambayoyi a raba wa manoma ɗari, rabi ma a ɗakin kwanan ɗalibai ake cike su, a rubuta cewa manoma na fuskantar ƙarancin jari da rashin malaman gona, a ɗaure da baƙin bango a jibge a ofis gara ta ci. Nawa ma haka yake, ba na cire kaina.

Sannan ku tuna da mu masu shaguna da yaran feshi. Ko kun so ko kun ƙi ta bakinmu manomi ke jin magana. Ku buɗe mana kwas na mako biyu lokacin hutu, da Hausa, da kuɗi kaɗan, ɗalibanku na aji biyar su koyar a ƙarƙashin kulawarku, a koya wa mutum karanta bayan kwalba, launin da ke nuna ƙarfin dafi, awon famfo, kwanakin jira kafin girbi, abin da za a yi in wani ya sha ko ya zube masa a jiki. A ba shi 'yar takarda ya manna a shago. Wallahi za a zo, don mai shago ma yana son a ce shi masani ne.

Kar ku ɗauka ni waliyyi ne a wannan harka, cinikin maganin nan shi ne abincinmu. Ranar farko da na ce wa wani manomi ya mayar da kuɗinsa aljihu ya je ya sake duba gonar bayan kwana huɗu, kallon da kawu ya yi min har yanzu ina jin sa a ƙeya, da mutumin ya fita ya ce in wa'azi na zo yi ga masallaci can. Amma mutumin ya dawo, da maƙwabtansa biyu, kuma a wurinmu suka sayi takinsu da irinsu na shekarar. Kawu dai bai ce na yi daidai ba har yau, ya dai daina harara.

Dattijon nan kuwa na neme shi na same shi wata ranar kasuwa, na ce Baba abin da na faɗa maka bara ba haka ba ne, na nuna masa hoton a waya na yi masa bayani. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce to kuɗin maganina fa? Na biya shi daga aljihuna. Yanzu duk abin da ya gani a gona sai ya ƙunso a leda ya kawo min, wani na sani, da yawa sai na ce ya ba ni kwana biyu.

In akwai malamin da zai yarda a cikinku, ya turo min ɗalibai biyu damina mai zuwa. Akwai ɗaki a gidanmu, akwai tuwo, akwai manoma sun fi talatin da za su buɗe musu gonakinsu da murna. Su taho da littafin rubutu da takalmin roba, da ɗan gilashin nan na hannu mai ƙara girman abu, don nawa ya tsage tun bara.

Allah ya ƙara girma, ya saka muku da alheri.

Naku,
Tsohon ɗalibinku, daga shagon kayan gona.